Zaren Ƙwai da Baƙaƙen Kwalabe

Jiya da la'asar Samira, jikata ta wajen Aminu, ta yage wani kwali, ta juye garin da ke ciki a madara, ta motsa, ta cusa a firji. Bayan magariba ta kawo mini a ɗan kwano tana yauƙi, ta ce, "Ɗanɗana, ya Hajja. Irin naki ne, bas wannan babu wahala." Na ɗanɗana. Yana da sanyi, yana da zaƙi, iyakar abin da zan iya faɗa a kansa ke nan. Tun da ku 'yan yanzu kun ɗauka aikin halawa yage kwali ne, ku matso ku ji yadda muka yi shi, da yadda ya kusa sa a ɗora ni a jirgi.

Ni Hauwa a Sudan aka haife ni, a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi. Iyayena sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji, hanya ta riƙe su a can. Ni ce na ƙarasa musu tafiyar, tare da kakanku, muna sababbin aure, a wajen ƙarshen shekarun hamsin. Muka kama ɗaki a Jidda, a unguwar Hindawiyya, lokacin ruwa ma a bayan jaki ake kawo shi. Kakanku yana dako a tashar jiragen ruwa, ni kuma wata maƙwabciya ta kai ni aikin wanke-wanke a Sharafiyya, gidan wani Bature mai gyaran injinan sanyi na jirage. Shi da matarsa mutanen kudancin Sifen ne. Sunan matar Pilar, amma bakina bai iya ba, sai na ce Madam Fila, ita ma ta haƙura. Larabcinta guntu-guntu, nawa na Sudan, sauran maganar da hannu muke ƙarasawa.

Aikin farko da ta ɗora ni a kai bayan wanke-wanke shi ne raba ƙwai. Kada ku yi dariya. Ta ajiye kwando a gabana da kwanuka biyu, ta nuna mini: gwaiduwa nan, fari can. Na raba, na kai mata ina jin kaina. Ta leƙa, ta sa ɗan yatsa ta ɗago wani siririn farin abu da ke manne da gwaiduwa, ta kaɗa mini shi a gaban hanci, ta juye kwanon duka a kaskon suya. Mu muka cinye shi da burodi. Ashe bayan an cire wannan, sai an huda kowace gwaiduwa a kan rariya mai laushi, a bar ta ta tsiyaye don kanta, yanar da ta lulluɓe ta ta tsaya a sama. Ba a kaɗawa, ba a dannawa da cokali. In kika kaɗa, iska ta shiga, kuma duk abin da kika yi da ita sai ya fito da ramuka kamar soson wanka. Na daɗe ina cin soyayyen ƙwai a gidan nan kafin ta daina juye mini aiki.

Daga nan sai shira, wato ruwan sukari. Madam Fila ba ta da ma'auni. Takan tsoma yatsa a ruwan sanyi, ta dangwalo shira tana tafasa, ta haɗa babban yatsa da manuni ta buɗe. In zare ya miƙe a tsakani ya tsinke nan take, da saura. In ya miƙe ya tsaya, ta yi. In ya yi kauri, kin makara, ƙara ruwa ki sake. Ku duba yatsun nan nawa biyu, ba su san zafi ba har yau. A kan dafur muke aiki, rishon nan mai famfo, wanda wutarsa takan tashi ta faɗi yadda ta ga dama, ga zafin Jidda da ke narkar da mutum yana tsaye.

Abu biyu ake yi da wannan gwaiduwa. Na farko a haɗa ta da shira, a zuba a gwangwanin da aka shafe da ƙonannen sukari, a turara a kan ruwa, da tsumma a ƙarƙashin murfi don kada gumi ya ɗiga. In ya huce aka kife shi, sai ya fito yana sheƙi yana rawa. Wannan shi ne kakan abin da ke cikin kwalin Samira, sai dai babu ko ɗigon madara a ciki. Na biyu shi ne zaren ƙwai, kuma nan ne ake gane mai hannu. Madam ta ce a wajen surukarta, mutuniyar Fotugal, ta koya, don su suka fi kowa iya shi. Akwai wani mazurari mai ƙananan hudoji a ƙasa. Ki cika shi da gwaiduwa, ki riƙe a saman shira tana tafasa, ki dinga zagayawa da hannu, gwaiduwar na sauka siri-siri tana dahuwa. Kika yi sauri, zare ya tsinke. Kika yi sanyin hannu, ya dunƙule. Hannu ya ɗan karkarwa, ya fito da ƙulli-ƙulli. In ya yi kyau, sai ki tsame shi ki tsoma a ruwan sanyi, ki shimfiɗa a siniya kamar zaren alharini mai ruwan zinariya. Nata mazurarin na ƙarfe ne daga ƙasarsu. Nawa gwangwanin madara ne da na huda da allura, kuma shi na yi aiki da shi har ya ci tsatsa.

Wata rana na tambaye ta me ya kai mutanensu ga cin gwaiduwa haka, su bar fari. Ta ce a garinsu masu yin giya da farin ƙwai suke tace ta, sai gwaiduwa ta taru ba a san yadda za a yi da ita ba, a kai wa matan nan masu zaman ibada a coci, su kuma suka ƙirƙiro waɗannan halawowi. Na ce a raina, ashe abin tun asali maƙwabcin giya ne. Mu farin namu maƙwabta nake kai wa, yara su soya.

Maƙwabtakar kuwa ba ta ƙare a can ba. In Madam za ta kai wa baƙinta halawar, sai ta buɗe wani kabad da take kullewa, ta ɗauko baƙar kwalba wadda abokan mijinta na jirgi suke kawo musu a ɓoye. Giya ce, amma baƙa, mai kauri kamar zuma, ta ce da inabin da aka shanya a rana ake yin ta. Ta tsiyaya kaɗan a kan halawar. Ni tun ranar farko na gaya mata ba na taɓawa, ba na wanke cokalin da ya shiga. Ba ta ja ba. Amma hanci ba ya neman izini. Ina daga bakin ƙofa nake jin ƙamshin: zabibi, ɓaure, da wani abu kamar gahawa ta ɗan ƙone.

Ni na fara kawo maganar. Na ce mata, Madam, duk abin da ke cikin ƙamshin nan ana sayar da shi a kasuwa, kuma halal ne. Ta yi dariya ta ce in gwada. Haka muka shiga wani irin aiki: ni ke dafawa ban san ɗanɗanon abin da nake kwaikwayo ba, ita ke ɗanɗanawa ba ta san me na zuba ba. Nakan jiƙa baƙin zabibi da safe, in tafasa shi a ranar, don a zafin garin nan in ya kwana a ruwa sai ya fara kumfa, kuma kumfa ita ce farkon abin da muke gudu. In matse, in tace, in mayar wuta da busasshen ɓaure da ɓawon lemo da ɓawon gahawa, har ya yi kauri. Ta lasa, ta girgiza kai. Na rage wannan, na ƙara wancan, ta girgiza kai. Ta ce yana da zaƙi amma a kwance yake, ba ya tashi. Ranar da na jefa tsamiya, irin wadda muke kunu da ita, ta lasa, ta sake lasa, sai ta zauna a kan kujerar kicin ta ce wani abu da yarensu. Daga ranar baƙinta Musulmi ma suka samu abin zubawa a kan tasu halawar.

Da aikin mijinta ya ƙare suka koma ƙasarsu, ta bar mini gwangwanayen turarawa, da rariya, da kwali guda na baƙaƙen kwalabenta, fanko. Ita ta ce in ɗauka, don ruwan zabibin ya fi daɗewa a baƙar kwalba mai toshiya, haske ba ya ɓata shi. Na wanke su da ƙasa da toka da ruwan zafi har hannuna ya yi fari. Takardun da ke jikinsu ne suka ƙi fita duka, na bar su. A lokacin ba a yar da kwalba. Wadda ta samu ta man gashi ma sai ta wanke ta zuba man ja. Har gobe ban ga laifin kwalba ba.

Na fara aikin kaina a ɗakinmu na Hindawiyya. Matan Hijaz sun san baƙalawa da kunafa, amma ba su taɓa ganin zaren ƙwai ba. Gidan farko da na kai, uwar amarya ta ɗauka ado ne, ta hana a taɓa. Kafin a jima babu bikin manya da za a yi ba a aiko mini ba. Akwai masu cewa in rage farashi tun da ƙwai ne kawai. Waɗannan nakan ba su ƙwai biyu in ce su je su gwada. Akwai masu aiko da odar da safe suna son ta da azahar. Akwai wata da ta dawo mini da siniya wai halawar tana rawa, tana tsoron ba ta dahu ba. Kafilinmu a lokacin, wato mai tsaya mana a wajen hukuma, wani attajirin shinkafa ne, Ammi Sadaƙa, mutum mai tsoron Allah da tsoron hukuma, ban san wanne ya fi ba. Iƙamata da ta kakanku, wato takardun izinin zamanmu a ƙasar, duk a hannunsa suke. Mahaifiyarsa, Sitti Nafisa, tsohuwa ce mai kaifin ido, ita kaɗai ce ke sa a kawo mata kujera kicin ta zauna ta kalli yadda nake jan zare.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda zafi ya kashe kaji. Ƙwai ya yi tsada, wanda ake samu kuma rabinsa ruɓaɓɓe, gwaiduwar da ta rage ba ta da ƙarfi, tana fashewa a hannu. Kakanku kuma buhu ya faɗo masa a baya, yana kwance. Ana cikin haka Ammi Sadaƙa ya tashi aurar da ƙaramar 'yarsa, na yi musu aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Aka kai wa maza nasu, da ruwan zabibi a kai. Cikin mazan akwai mijin babbar 'yarsa, Ustaz Fu'ad, wanda ya yi karatu a waje ya dawo da kwat da sigari. Ya ɗaga cokali zuwa baki, ya tsaya, ya shinshina, ya raɗa wa surukinsa magana.

Washegari suka zo Hindawiyya su biyu. Ban taɓa ganin Ammi Sadaƙa a unguwarmu ba sai ranar. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon buhun zabibi, buhun sukari, tukwane, da baƙaƙen kwalabe a jere a ƙarƙashin gado. Ustaz Fu'ad ya ɗauki ɗaya ya karanta guntun takardar da ke jiki, ya miƙa masa. Ni kaina da na bi idonsu na kalli ɗakin, na sha jinin jikina.

"Ya Hauwa, esh hada? Mene ne wannan?" in ji Ammi Sadaƙa. "A gidana? A bakin baƙina?"

Na ce, "Ya Ammi, wallahil azim zabibi ne da tsamiya. Kwalaben fanko aka ba ni."

"Wa ya ba ki?"

"Matar da na yi wa aiki. Ta koma ƙasarsu."

Ya ce, "Halas. Ba zan kai ki wurin hukuma ba, saboda yaranki. Amma sunana ba zai zauna a kan iƙamarku ba. Ku nemi jirgi."

Ku da aka haifa a nan ba ku san nauyin wannan magana ba. Takardunmu na Najeriya ne, ƙasar da ban taɓa taka ba, ban san kowa a cikinta ba. Can za a kai ni da miji a kwance da yara biyu, Aminu baban Samira yana goye. Na ji tsoro irin wanda ban ƙara ji ba.

Na yafa mayafi na bi su har gida, na wuce wurin Sitti Nafisa. Ta sa aka kira ɗanta da Ustaz Fu'ad, aka jera kwalaben a gabanta. Matsalar a fili take. Babu mai ɗanɗanawa, don in giya ce ya sha haram. In ma ya ɗanɗana ya ce ba ita ba ce, sai a tambaye shi ina ya san ta. Mace ɗaya da za ta iya wanke ni tana bayan teku. Sai na ce, "Ya Sitti, a zaɓi kwalba, ni zan shanye ta a gabanku."

Ammi Sadaƙa ya ce, "In kin sha kin zauna shiru, me muka gani?"

Sitti Nafisa ta ce, "Ba za ta zauna ba. Za ta sha, mu jira ya ratsa ta, sannan ta ja mini zare. Na ga aikin nan da idona. Ko atishawa ta yi sai ya nuna."

Ustaz Fu'ad ya ce, "Ya Sitti, ai wanda ya saba, kwalba ɗaya ba ta kaɗa masa hannu."

Tsohuwar ta dube shi ta ce, "Kai ka san wannan, ya waladi. Mu ba mu yi karatu a waje ba. Yalla, zaɓo mata." Ya zaɓo wadda ta fi cika.

Abin da ake tsiyayawa da ƙaramin cokali shi na kafa kai na sha da kwalba. Kurɓin farko da daɗi. Kafin in kai rabi, maƙogwarona ya manne, zaƙin ya hau mini kai, gumi ya karyo. Na shanye, na kife kwalbar. Aka zaunar da ni a tsakar gida ana kallona kamar tunkiyar da aka ba magani. Ban bugu ba, amma cikina yana juyawa, kuma na san in na yi amai an gama, za a ce ga shaida. Da Sitti Nafisa ta ga an jira iya jira, ta sa aka kunna dafur, aka kawo ƙwai, irin na shekarar nan marasa ƙarfi. Na raba, na tace, na ɗora shira. Tururin sukari ya doki fuskata a kan wanda ke cikina. Na ga hannuna yana rawa tun kafin in ɗauki gwangwani.

Na matse gwiwar hannu a haƙarƙarina yadda Madam ta koya mini, na bar kafaɗa ta yi zagayen. Na daina kallon mutane, na kalli shira. Zare ya fara sauka. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, na dai san gwangwanin ya ƙare. Na tsame, na tsoma a ruwan sanyi, na shimfiɗa. Sitti Nafisa ta sa yatsa ta kama bakin zare ɗaya, ta ɗaga, ta ci gaba da ɗagawa har hannunta ya miƙe sama, bai tsinke ba, babu ƙulli. Ta kai shi baki. Ta ce wa ɗanta, "Sabunta musu takarda. Kuma ka saya mata tuluna, a fasa waɗannan." Na nemi hanyar banɗaki a nutse, sai da na rufe ƙofa sannan abin ya dawo.

An sabunta iƙama. Na yi aiki bayan nan har gashina ya yi fari, da shi na aurar da iyayenku, da shi muka koma unguwar Madain Fahd. Tulunan Ammi Sadaƙa ba su taɓa riƙe ruwan zabibi kamar kwalaben nan ba, sai na koma dafa kaɗan-kaɗan. Amma tun daga ranar, zabibi bai ƙara shiga bakina ba. Ko a shinkafar biki na gan shi sai na tsince. Abin da na ƙirƙiro da hannuna, wanda rabin Jidda ta lasa, na koma dafa shi yadda na fara, da hanci, wani na ɗanɗana mini.

To Samira, ajiye kwalin nan. Ga tukunya can na sauke, ta huce. Ɗauki cokali ki lasa, ki gaya mini ko tsamiyar ta ji.